Daga Daɓe Zuwa Tayil: Tarihin Ƙasan Ɗaki a Zangon Kumasi



Shekaruna goma sha da nake riƙe da alƙalami a zauren Maigida, ina rubuta ƙarar da jama'a ke kawowa da sulhun da aka yi. Wanda bai zauna a nan ba zai zaci gado da aure su ne kaɗai ke tara mutane. Amma da zarar ruwan watan Yuni ya kankama, akwai wata ƙara da ba ta fashi: ɗan haya ya zo da katifa mai warin rima, yana cewa ɗakin da aka ba shi yana tsattsafo da ruwa, mai gida kuma ya rantse cewa bara ya kashe kuɗi ya shimfiɗa tayil, don haka ba shi da sauran laifi. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗa. Abin da ya sa gaskiya biyu ke karo a ɗaki ɗaya yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi duk wanda ke zaune a zauren.

Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja neman goro sun fito daga ƙasar da ta san daɓe. A Kano da Katsina da Zazzau, idan an gama ginin ɗaki, aikin maza ya ƙare, na mata ya fara. Sai a zubo tsakuwa da jar ƙasa a baje, a yayyafa ruwa, mata su yi gayya su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, har ƙasar ta haɗe ta zama abu guda. Bayan nan a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi ja-ja-wur, a shafe fuskar daɓen da shi, a sake bugu. Makuba ita ke ɗaure ƙasar, ta ba ta duhu da sheƙi, ta hana ta tashi da ƙura. Ɗakin amarya ba ya cika sai an yi masa wannan hidima. Ba mu kaɗai muka san sirrin ɗorawa ba: matan Sirigu da maƙwabtansu a arewacin Gana har yau suna dafa ɓawonta su shafe daɓe da bango.

Daɓe ɗan ƙasar rani ne. A Kano ruwa yakan sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni ƙasa tana shan rana da iskar hunturu. Duk danshin da daɓe ya sha da damina, yana da wata bakwai ko takwas na amayar da shi. Kumasi kuwa damina biyu gare ta a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke sauka ya kai kimanin milimita 1,400. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar kanta a jiƙe take. Wanda ya shanya riga da yamma ya san haka. Ɗorawa kuma ba itaciyar kurmi ba ce. Bahaushen da ya sauka a nan ya tarar da ƙasar da ba ta bushewa, ga shi babu makuba a bayan gida.

Da farko wannan bai dame shi ba, domin bai zo da niyyar zama ba. Sunan da ya ba wurin ma ya nuna haka: zango, inda ayari ke sauke kaya ya kwana ya wuce. Wanda zai tashi bayan cinikin goro ba ya tara mata su yi masa daɓe. Bukka ce, da rairayi, da tabarma, da buzu.

Masu ƙasar kuwa sun daɗe da gano maganin ruwansu, kuma adalci ne a faɗi haka. Baturen Ingila Bowdich, wanda ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi zaune a cikinta, ya zana gidajen Tonawa ya kuma siffanta su. Ɗakuna huɗu ne ke kewaye tsakar gida, kowanne an ɗaga shi a kan dandamali, sai an taka matakala ake shiga. Jinkar tana da tsayi da gangara sosai, don ruwa ya zube da sauri ya faɗi nesa da gindin bango. Dandamalin da ƙasan bangon ana shafe su da jan yumɓu da suke kira ntwuma, ana goge shi har ya yi sheƙi, ana kuma sabunta shafen a kai a kai. Sojan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yawancin waɗannan gine-gine suka tafi, amma 'yan kaɗan sun rage a ƙauyukan da ke kewaye, kamar na Besease kusa da Ejisu, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1980. Duk wanda ya je ya duba da idon magini zai ga hikimar ba ta cikin jan yumɓun. Tana cikin tsayin da aka ba ɗakin a kan tsakar gida, da kuma barin ƙasar tana numfashi.

Zama ya kama mu ne bayan rikicin Salaga na 1892, wanda ya watsa kasuwar da ta fi kowace girma a hanyar goro. Fatake da malamai suka bazu, wasu Karaci, inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Ankara, wasu Kumasi, musamman bayan Turawa sun kama Sarki Prempeh a 1896 hanyar ta buɗe. Aka fara auren zama, aka fara haihuwa, bukka ta koma ɗakin ƙasa. Tsofaffin da na tarar ina yaro sun ce iyayensu mata sun yi daɓe a nan kamar yadda suka gani a gida, da marmara da abin da ya samu. Sun kuma ce ba ya daɗewa: gefen bango ya yi laushi, gara ta huda, ɓera ya haƙa.

Ɓeran nan shi ya kawo babban sauyi. A 1908 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta faɗa wa Ankara, a 1924 kuma ta faɗa wa Kumasi, Zango yana cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Hukumar mulkin mallaka ta rushe gidaje, ta fitar da sabon wuri da layuka, ta kuma kafa hukumar kula da lafiyar garin a 1925. Daga nan duba-gari, waɗanda jama'a ke kira tankas, suka zama abin tsoro a kowane gida: su leƙa randa, su duba kwata, su duba ramin ɓera. A idon likitocin wancan zamani ƙasan ɗaki na ƙasa gidan cuta ne, siminti kuma shi ne tsafta. Ba ni da niyyar wanke Turawa, domin rusau ɗin ya taɓa talaka fiye da kowa, kuma ba a nemi shawararsa ba. Amma a kan ɓera da siminti ba su yi ƙarya ba.

Simintin ya samu hanyar isowa ne saboda jirgin ƙasa. Layin dogo daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Ankara ya haɗe a 1923, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Kayan da ba a iya ɗorawa kan ɗan dako tun daga bakin teku, kwano da siminti da ƙarfe, suka fara sauka a tsakiyar gari. A lokacin a cikin ganga ake kawo siminti daga Turai, kuma sai mai hali. Attajirin goro ko na shanu yakan fara da ɗakinsa da zaure, ɗakunan mata da na baƙi su jira wata shekara. Rukunin gidajen Asawase da gwamnati ta gina bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙara sabar wa mutanenmu da ɗakin siminti. Amma bai zama na kowa ba sai bayan 1967, da aka kafa kamfanin Ghacem tsakanin gwamnatin Gana da wani kamfanin ƙasar Norway, ana niƙa siminti a Tema da Takoradi.

Ni a ɗakin jan siminti na tashi. Ana haɗa simintin saman da jan gari, a lailaye shi da cokalin birkila har ya yi sumul, mahaifiyata kuma ta bi shi da man goge ƙasa duk ranar Alhamis. Sanyinsa da tsakar rana ba ya misaltuwa. Muna dawowa daga makarantar allo mu kwanta a kansa ba tabarma. Sai dai ba na mance farin gishirin da ke fitowa a gindin bango, da yadda fenti ke kumbura ya zube. A lokacin muna cewa bangon ne ya tsufa. Sai da na girma na zauna da magina na fahimci abin da ke faruwa.

Kankare yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, kuma ruwan da ke cikin ƙasa yana hawa ta cikinsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Yana tafe da gishirin ƙasa, ya bushe a sama ya bar shi. Daɓen da yana barin wannan danshi ya fita ta ko'ina a faɗin ɗakin, a hankali, ba a lura. Da aka rufe ƙasa da siminti, hanyar ta ƙuntata, sai danshin ya nemi bango. Gidajen Zango na dauri kuwa da yawansu ginin ƙasa ne irin wanda ake kira Atakpame, da sunan garin Togo da maginansa suka yi fice, aka yi masa yaɓen siminti daga baya. Ƙasa a ciki, siminti a waje, siminti a ƙasa: ruwan ya shiga ba shi da mafita. Bango da yawa da suka faɗi da damina a unguwanninmu ba ruwan sama ne ya kayar da su ba, na ƙasa ne ya cinye gindinsu shekara da shekaru.

Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, zamanin Busia, ta bar tabonta ko a nan. Gidaje sun sauya hannu cikin gaggawa, wasu an bar su ga 'yan haya da wakilai, kuma a ganina waɗanda suka rage sun daɗe ba su saki jiki sun zuba dukiya a gini ba. Mutumin da bai tabbata zai kwana a gida baɗi ba, faci yake yi.

Waɗanda suka samu wadata a shekarun 1960 zuwa 1980 tarazo suka yi. Sana'a ce da ta samo asali daga Italiya: a cakuɗa siminti da ɓarɓashin dutse mai launi, a zuba a tsakanin siraran layukan gilashi ko tagulla da ke raba shi gida-gida don kada ya tsage, in ya kama a bi shi da injin gurza har duwatsun su fito fili. Ina da ra'ayi a kansa kuma ba na ɓoyewa: a duk abin da aka taɓa shimfiɗawa a ƙasar nan, ban ga wanda ya dace da ita kamar tarazo ba. Yana da sanyi, ba shi da gaɓoɓin da datti zai maƙale, ambaliya ta shiga ta fita a wanke shi ya koma yadda yake, in ya dushe bayan shekara talatin a sake gurzawa. Ku duba tsofaffin makarantu da asibitoci da masallatan da aka yi da shi. Laifinsa biyu ne: aikinsa na da jinkiri da ƙazanta, kuma yaran yanzu na ganinsa tsohon yayi. Masu iya shi ma suna ƙarewa.

Talaka kuwa leda ya samu. Ledar ɗaki ta shigo da araha da zane mai kyau, amarya ta shimfiɗa ta rufe duk tsagar da ke cikin simintin. Amma leda ba ta barin komai ya wuce. Ɗaga gefenta bayan damina guda, za ka ga ruwa kwance, da baƙin funfuna, da kyankyasai. Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango, wanda ya zama alamar wanda ɗansa ke Jamus ko Amurka, ya fi ta muni. An yi shi ne don ƙasar da ake neman ɗumi. A nan yana shan danshi ya riƙe, ya tara ƙura, ga wari, ga tarin yara da masu asma da ba ya jin magani. Kakanninmu da tabarma da darduma sun fi mu dabara, domin abin da ake naɗewa a kai rana ba ya ruɓa. Katako ma an gwada. Turawa da 'yan mishan sun yi benaye da shi, amma sun ɗaga shi sama da ƙasa iska na wucewa ta ƙarƙashi, kuma da itace mai tauri irin odum suka yi, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Abin da ake sayarwa yanzu mai kama da katako, garin itace ne aka matse aka manna masa hoto. Ruwa ya taɓa bakinsa sau ɗaya ya kumbura, ba ya komawa.

Sai zamanin tayil, wanda muke ciki. Da daga Italiya da Sifen ake kawo shi, sai na Sin ya karya farashi, yanzu kuma ana yin sa a masana'antun da aka kafa a yankin Takoradi. Ba ni da faɗa da tayil. Yana da sanyi, yana wankuwa, gara ba ta cin sa. Faɗana da yadda muke sayensa ne: da ido, a hoton waya. Ɗa yana Turai ya turo kuɗi a gyara ɗakin tsohuwa, a aika masa hotuna ya zaɓi wanda ya fi walƙiya. A gidanmu aka yi haka. Gwaggona, mai shekara saba'in da wani abu, ta yi alwalar asuba ta shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Wata huɗu tana kwance, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tafiya ba sanda ba. Allah ya jiƙanta. Ɗan da ya turo kuɗin alheri ya nufa, har yau kuma bai daina zargin kansa ba. Gidan da ake alwala sau biyar a yini, ga yara, ga tsofaffi, ga ruwan sama da ake shigowa da shi a tafin ƙafa, ba wurin tayil mai sheƙin madubi ba ne. Mai kaushi-kaushi ake nema, wanda in ka jiƙa shi ka shafa da tafin hannu za ka ji yana riƙe ka. A yi wannan gwajin a shagon, kafin a biya.

Akwai kuma bambanci tsakanin tayil da tayil. Wanda aka gasa da wuta mai tsanani, da ake kira foselin, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba; na gama-gari yana sha fiye da haka nesa. Juya shi ka ɗiga ruwa a bayansa: in ya tsotse nan take, ka san irin wanda ke hannunka. Na bango kuma ba a sa shi a ƙasa, ko da mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Wani abu da ya ba ni dariya ya kuma sa ni tunani: duk wanda ya karanta Ahalari ya san ba a taimama da abin da aka gasa da wuta, ko da tabarma, ko da katako. A zamanin daɓe, mara lafiya yakan miƙa hannu ƙasa daga kan gadonsa. Yanzu sai ka ga dattijo a ɗaki mai tayil da fanka, da ɗan dutse ajiye a gefen matashi.

In muka koma ga ƙarar ɗan haya da mai gida, amsar kusan kullum tana ƙarƙashin tayil ɗin. An shimfiɗa shi ne kan tsohon siminti da ba a taɓa sa masa kariyar danshi ba, sai ruwan ya biyo ta layukan da ke tsakani, ko ya haura bango. Maginin kirki, kafin ya zuba kankare, yakan cika da dutse ya daddanne, ya baje yashi, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta, ta kuma ɗan haura jikin bango. Kuɗin ledar nan bai kai na kwali kaɗan na tayil ba, amma ita ake fara yankewa in kuɗi ya gaza, saboda ba wanda zai gan ta a hoto. Kankaren ma yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, bushewarsa kuma ta fi haka daɗewa a iskarmu. Wanda ya rufe shi a mako guda don biki ya matso ya kulle ruwa a ɗakinsa da hannunsa. Akwai gwajin da muke sa masu ƙara su yi kafin a yanke magana: a manna ƙyallen leda a ƙasa, a liƙe gefunansa huɗu, a bar shi kwana biyu. In ƙarƙashinsa ya jiƙe, daga ƙasa ruwan yake, gyara na mai gida ne. In samansa ne ya yi raɓa, iskar ɗakin ce, sai a ce wa ɗan haya ya buɗe taga ya janye katifa daga jikin bango ya ɗora ta kan gado.

Abin da ledar ma ba ta magani shi ne tsayi. A Aboabo da sauran wuraren da ke gangaren rafi, an yi ta ɗaga titi da kwata shekara bayan shekara, gidajen dauri suna nan inda suke, har ɗakin da ake hawa a shiga ya zama wanda ake gangarawa. Mutane suna ta ƙara wa dokin ƙofa bulo, tsofaffi suna tsallakawa da ƙyar. Wanda zai yi sabon gini a irin wannan wuri, kuɗin da ya ware wa tayil mai tsada gara ya zuba shi a ciko, ɗakin ya ɗara tsakar gida, tsakar gida ta ɗara titi, a karkata ta wajen rariya. Shi ne abin da Tonawa suka yi da dandamalinsu tun kafin buhun siminti na farko ya sauka a Sekondi.

Zauren da nake rubuta wannan a cikinsa tarazo ne, mahaifin Maigida ya sa aka yi shi kafin a haife ni. Bara wasu matasa suka kawo shawarar a tara kuɗi a rufe shi da tayil don ya yi kyau a hoton taro. Maigida ya saurare su har suka gama, sannan ya ce a nemo masa mai injin gurza. An yi mako uku ana cigiya kafin a samu wani dattijo a Suame, ya zo da jikansa yana riƙe masa tiyo.